Ina amfanin yarjejeniyoyin muhalli idan ba a hukunta masu karya su?

Tambaya: Kusan kullum sai an ji labarin an kama hauren giwa a wata tashar jiragen ruwa, ko an gano shara mai guba da aka jibge wa wata ƙasa, ko manyan jiragen kamun kifi sun wawushe tekun da ba nasu ba, alhali an ce akwai yarjejeniyoyin duniya da suka haramta duk wannan. Shin dokokin suna da wani tasiri kuwa, kuma akwai wata kotu ko runduna ta duniya da ke hukunta masu aikata irin wannan laifi?

Amsa: Malam, zan fara da ƙarshen tambayarka, domin a nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren fahimta. Babu wata kotun duniya da ake gurfanar da mai safarar hauren giwa ko mai zubar da guba, kuma babu wata runduna da ke da hurumin ƙetara iyakar ƙasa ta kamo shi. Hatta hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol, wadda ake yawan ambata, ba ta kama kowa. Aikinta shi ne ta haɗa 'yan sandan ƙasashe 196 su yi musayar bayanai, sannan kowace ƙasa ta yi kame a cikin iyakarta da dokarta. Yarjejeniya tana ɗaure gwamnatin da ta amince da ita ne, ba ɗan kasuwar da ya loda kwantena ba. Kafin wannan ɗan kasuwa ya zama mai laifi, sai majalisar ƙasarsa ta rubuta doka ta ce abin da ya yi laifi ne, ta yanka masa hukunci, sannan a sami mai bincike da mai gabatar da ƙara da alƙalin da za su bi maganar har ƙarshe. Saboda haka idan ka ga yarjejeniya ba ta yi tasiri ba, a mafi yawan lokuta matsalar tana can ƙasa, a dokar cikin gida da kuma yadda dokar wata ƙasa ke kasa haɗuwa da ta maƙwabciyarta.

Dukiyar da ke cikin harkar ba ƙarama ba ce. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Interpol suka fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa laifukan muhalli suna kai wa tsakanin dala biliyan 91 zuwa 258 a shekara, abin da ya sanya su a matsayi na huɗu bayan miyagun ƙwayoyi da kayan jabu da safarar mutane. Faɗin tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ƙiyasi ne, domin babu ɓarawon da ke kai rahoton cinikinsa. Abin da ya fi alƙaluman muhimmanci shi ne wata sifa da ta bambanta wannan laifi da fataucin hodar iblis. Hodar iblis haram ce duk inda aka gan ta, ganinta kaɗai hujja ne. Amma katako da kifi da zinari da tsofaffin na'urori kaya ne da ake cinikinsu ta halal a kowace rana, kuma gungumen da aka sare da izini bai bambanta da wanda aka sata daga gandun daji ba ko ta launi ko ta nauyi. Takarda ce kawai ta raba su. Wannan ne ya sa kusan kowane babban laifin muhalli yake tafe da takardar bogi, ko bayanin ƙarya ga kwastam, ko cin hancin jami'in da ke buga hatimi, kuma da zarar kayan sun sauka a ƙasa ta uku da takarda mai kyau, sun zama halal a idon doka.

Tsohuwa a cikin yarjejeniyoyin da za mu duba ita ce CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, wadda aka ƙulla a birnin Washington a 1973 ta fara aiki a 1975, kuma a yau ƙasashe sama da 180 suna cikinta. Ta kasa dabbobi da tsirrai rukuni uku: waɗanda ke rukunin farko an hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, na biyu kuwa sai da takardar izinin fitarwa wadda ke tabbatar da cewa an same su ta hanyar doka kuma fitar da su ba zai ƙarar da irinsu ba. Tana da wani makami da yawancin yarjejeniyoyin muhalli ba su da shi, wato za ta iya ba da shawarar a dakatar da ciniki da ƙasar da ta ƙi bin ƙa'ida, kamar yadda aka yi a 2022 kan itacen madobiya na Afirka ta Yamma, wanda masu sassaƙa kujerun alfarma a Sin suka kusa ƙararwa. Sai dai CITES ta ce ne kawai ƙasashe su hukunta masu karya ta, ba ta faɗi irin hukuncin ba, kuma ba ruwanta da abin da ake sayarwa a kasuwar cikin gida. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, amma kasuwannin cikin gida a Asiya suka ci gaba da ci, suka zama mafakar hauren sata, har babbar ƙidayar da aka bayyana sakamakonta a 2016 ta nuna giwayen sarari na Afirka sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari tsakanin 2007 da 2014. Rufe kasuwar haure da Sin ta yi a ƙarshen 2017 doka ce ta cikin gida, kuma a ganina ta yi wa giwa amfanin da kudurori da yawa ba su yi mata ba.

Labarin shara mai guba ya fi nuna inda gizo ke saƙa. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da ƙasashe masu masana'antu suka tsaurara dokokin zubar da dagwalo a gida, kuɗin zubarwa ya tashi, sai dillalai suka juya ga ƙasashen da ba su da doka. A 1988 aka gano dubban tan na guba daga Italiya a garin Koko da ke gaɓar tekun Najeriya, kuma a shekarar ce jirgin Khian Sea ya sauke wani ɓangare na tokar sharar birnin Philadelphia a gaɓar Haiti. Waɗannan abubuwa ne suka haifi yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda ta wajabta neman amincewar ƙasa a rubuce kafin a aika mata da shara mai haɗari, ta ce safarar da ba a bi wannan hanya ba laifi ce, kuma ƙasar da sharar ta fito ita za ta karɓi abinta. Ƙasashen Afirka ba su gamsu ba, domin sun ga amincewa abu ce da ake iya saya, sai suka ƙulla tasu a Bamako a 1991 wadda ta hana shigo da irin wannan shara nahiyar baki ɗaya. Gyaran da ya hana ƙasashe masu arziki aika guba ga matalauta a ƙarƙashin Basel an amince da shi tun 1995, amma bai fara aiki ba sai a Disambar 2019, kuma Amurka har yanzu ba ta cikin yarjejeniyar.

Duk da wannan tanadi, a watan Agustan 2006 jirgin Probo Koala ya sauke dagwalon mai a Abidjan, aka zubar da shi a wurare da dama a cikin birnin, hukumomi suka ce aƙalla mutum 15 sun mutu, sama da 100,000 suka nemi magani. Ka dubi yadda alhakin ya warwatse. Jirgin yana ɗauke da tutar Panama, mallakar wani kamfani ne na Girka, kamfanin cinikin mai na Trafigura ne ya yi hayarsa, an fara ƙoƙarin sauke dagwalon a Amsterdam amma da kuɗin tacewa ya tashi aka mayar da shi cikin jirgi, daga ƙarshe wani ƙaramin kamfani na Abidjan ya karɓi aikin a farashi mai rahusa. Shugaban wannan ƙaramin kamfani ne aka yanke wa ɗaurin shekara 20. Trafigura kuwa ya biya gwamnatin Kwaddebuwa kimanin dala miliyan 200 a 2007 ba tare da ya amsa laifi ba, bisa sharaɗin a janye tuhuma, ya sasanta da kusan mutum 30,000 da suka kai ƙara a Ingila kan fam miliyan 30 a 2009, sannan wata kotun Amsterdam ta ci shi tarar yuro miliyan ɗaya a 2010 saboda fitar da shara ba bisa doka ba. Kowace ƙasa ta hukunta guntun da ya faɗo cikin hurumin dokarta, amma babu kotu ɗaya da ta zauna ta saurari lamarin daga farkonsa zuwa ƙarshensa.

A nan ne wata yarjejeniya da ba ta ambaci muhalli a sunanta ba take da muhimmanci fiye da yadda aka sani, wato yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan gungun masu laifi da ke ƙetara iyakoki, wadda aka rattaba wa hannu a Palermo a shekarar 2000. Ita ce ke ba ƙasashe hanyar neman shaida daga juna, da miƙa wanda ake tuhuma, da ƙwace dukiyar da aka ɓoye a waje, da kafa ayarin bincike na haɗin gwiwa, ko da babu wata yarjejeniya ta musamman tsakanin ƙasashen biyu. Amma wannan ƙofa ba ta buɗuwa sai ga abin da ta kira babban laifi, kuma ta fassara shi da laifin da iyakar hukuncinsa ta kai ɗaurin shekara huɗu ko fiye, wanda gungun mutum uku ko sama da haka suka aikata. Ke nan ƙasar da dokarta ta tsaya a kan tara ko ɗaurin wata shida ga mai safarar ɓawon ɗankunya ta rufe wa kanta wannan ƙofa da hannunta. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce ba a miƙa mutum sai in abin da ake tuhumarsa da shi laifi ne a ƙasashen biyu, to idan ƙasar da ya gudu ba ta san kamun wannan dabba a matsayin laifi ba, magana ta mutu. Dalilin da ya sa ke nan Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015 ya buƙaci ƙasashe su mai da safarar namun daji babban laifi. Masu fasa-ƙwauri sun fi lauyoyi da yawa sanin wannan taswira, domin sukan karkatar da hanyarsu zuwa tashar da hukuncinta ya fi sauƙi.

Game da kamen da kake ji a labarai, ina da ra'ayi mai ƙarfi. A watan Afrilun 2019 Singafo ta kama kwantenoni biyu, kowace da ɓawon ɗankunya sama da tan 12, a cikin mako guda, kuma irin wannan kame yana da daɗin ɗaukar hoto. Amma kama kaya ba tare da bincike ba kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin mai kayan ya riga ya lissafa asarar kwantena ɗaya a cikin goma a matsayin kuɗin sana'a. Abin da ya kamata ya biyo bayan kame shi ne a tambayi wanda ya yi hayar kwantenar, da wanda ya biya kuɗin dako, da bankin da kuɗin ya bi, da lambobin da ke cikin wayar direba. A wasu lokutan ma hikima ita ce kada a kama kayan, a bar su su wuce ƙarƙashin sa ido har su isa hannun mai karɓa, wanda hakan ba ya yiwuwa sai kwastam da 'yan sandan ƙasashe biyu ko uku sun amince da juna. Kimiyya ma ta shigo: binciken ƙwayoyin halitta da Samuel Wasser na Jami'ar Washington ya jagoranta ya nuna a 2015 cewa yawancin manyan kamun haure sun fito ne daga yankuna biyu kawai, ɗaya a Tanzaniya da arewacin Mozambik, ɗaya a dazuzzukan tsakiyar Afirka wajen Gabon da Kongo. Inda aka haɗa waɗannan hanyoyi ana samun sakamako, kamar shari'ar Moazu Kromah, ɗan Laberiya da aka kama a Uganda a 2019 aka kai shi New York, inda a 2022 aka ɗaure shi wata 63 kan safarar kimanin tan 10 na haure da kilo 190 na ƙahon karkanda. Ƙungiyar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram ta riga ta sanya laifukan muhalli cikin laifukan da ake bin sawun kuɗinsu, sai dai masu binciken kuɗi da masu gadin daji ba kasafai suke zama teburi ɗaya ba.

Idan aka ce in zaɓi dabara ɗaya ta shari'a da ta fi cancanta a kwaikwaya, zan zaɓi dokar Lacey ta Amurka, wadda aka kafa a 1900 aka faɗaɗa ta zuwa katako a 2008. Ta ce laifi ne a shigo da dabba ko kifi ko itacen da aka samo ta hanyar karya dokar ƙasar da ya fito. Da wannan jimla guda, dokar ƙasa mai rauni ta sami kotun ƙasa mai ƙarfi da za ta tsaya mata. A ƙarƙashinta aka hukunta Arnold Bengis da abokan cinikinsa saboda wuce ƙima wajen kamun manyan jatan landen teku a ruwan Afirka ta Kudu, har kotun New York ta umarce su a 2013 su biya Afirka ta Kudu diyyar sama da dala miliyan 20. Da ita kuma kamfanin Lumber Liquidators ya biya fiye da dala miliyan 13 a 2016 saboda katakon da aka sare ba bisa doka ba a gabashin Rasha aka sarrafa a Sin. Adalcin da ke cikin wannan tsari shi ne ya ɗora nauyi a kan mai saye, wanda shi ne ke da kuɗi da lauyoyi da ikon tambayar asalin kaya, maimakon a bar ƙasar da ake wa sata ta yi fama ita kaɗai.

A teku lamarin ya fi wuya, domin a ruwan da ba na kowa ba jirgi yana ƙarƙashin dokar ƙasar da ya ɗaga tutarta ne, kuma akwai ƙasashen da ke sayar da rajista ba tare da sun taɓa ganin jirgin ba. Jirgin Thunder, wanda Interpol ta fitar da sanarwa a kansa a 2013, ya yi shekaru yana sauya suna da tuta yana satar kifi a tekun kudu, kuma ba sojojin ruwan wata ƙasa ne suka bi shi ba, ƙungiyar sa-kai ta Sea Shepherd ce ta bi shi kwana 110 har ya nutse a kusa da Sawo Tome a Afrilun 2015. Kotun wannan ƙaramar ƙasa ta ɗaure kyaftin ɗin da injiniyoyi biyu, amma a kan takardun bogi da gurɓata teku, ba a kan satar kifin ba. Maganin da aka samo shi ne a jira jirgi a bakin gaɓa, tunda dole wata rana ya sauke kaya. Yarjejeniyar hukumar abinci ta FAO kan matakan ƙasa mai tashar jirgi, wadda ta fara aiki a 2016, ta ba ƙasa damar hana jirgin da ake zargi shiga ko sauke kifi. Haka ma a batun zubar da baƙin mai a ɓoye: wani injiniya ne ya sauka daga jirgin Caribbean Princess a Ingila a 2013 ya kai rahoto, hukumomin Ingila suka miƙa shaidar ga Amurka, kamfanin ya biya tarar dala miliyan 40, shi kuma injiniyan aka ba shi ladan dala miliyan ɗaya domin dokar Amurka ta tanadi kaso ga mai fallasa.

Tsananta hukunci yana da nasa haɗari, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Idan aka ɗaga ɗauri zuwa shekara goma ba tare da an gyara bincike ba, gidajen yari za su cika da mafarauta da masu dakon gungume da matalautan masu haƙar zinari, waɗanda ana maye gurbinsu kafin a gama shari'arsu, mai ba da jari da jami'in da ya sa hannu kuma suna zaune lafiya. Doka mai kyau tana bambanta mai neman abin da zai ci da mai shirya safara, tana hukunta kamfani a matsayinsa na kamfani, tana ƙwace riba, kuma tana kare shaidu, domin a wannan fage ana kashe masu magana, kamar yadda aka kashe Bruno Pereira, mai kare ƙabilun asali na daji, da ɗan jarida Dom Phillips a yankin Amazon na Brazil a 2022.

Saura batun kotun duniya da ka tambaya. Dokar Roma da ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ambaci lalata muhalli a wuri ɗaya kawai, a matsayin laifin yaƙi, da sharuɗɗa masu tsauri ƙwarai. A Satumbar 2024 ƙasashen Vanuatu da Fiji da Samowa suka gabatar da shawarar a ƙara mummunar ɓarnar muhalli a matsayin laifi na biyar da kotun za ta riƙa saurara. Ina goyon bayan manufar, amma ba na sa ran ta warware matsalar da muke magana a kai, domin gyaran yana buƙatar kashi biyu cikin uku na mambobi, zai ɗaure waɗanda suka amince da shi ne kawai, kuma Amurka da Sin da Rasha da Indiya ba sa cikin kotun. Tarihi ma ya koya mana taka-tsantsan: yarjejeniyar Malabo ta 2014, wadda za ta ba kotun Afirka hurumi kan safarar shara mai guba da wawushe albarkatun ƙasa, ba ta sami amincewar ƙasashe 15 da take buƙata ba, kuma wadda Majalisar Turai (Council of Europe, ba Tarayyar Turai ba) ta ƙulla a 1998 kan kare muhalli ta hanyar dokar laifuka ba ta taɓa fara aiki ba har aka rubuta sabuwa a 2025. Akwai kuma kiran da Angola da Kenya da Peru suka jagoranta na a ƙara wa yarjejeniyar Palermo wani sashe na musamman kan safarar namun daji, wanda amfaninsa shi ne zai sa ƙasashe su fassara laifin iri ɗaya. Matakin da ya fi kusa da aiki a ƙasa shi ne dokar Tarayyar Turai ta 2024, wadda ta ƙara yawan laifukan muhalli daga 9 zuwa 20, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 idan laifin ya yi sanadin mutuwa, da tarar da za ta iya kai kashi 5 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya ko yuro miliyan 40, kuma ta ba ƙasashen tarayyar wa'adi zuwa watan Mayun 2026 su shigar da ita cikin dokokinsu, su kuma tanadi ƙwararrun masu bincike da masu gabatar da ƙara da za su yi aiki da ita.